Kawu Habu da magagarin da ya kusa raba ni da aikina

Duk wanda ya san Kawu Habu ya san farcen babban yatsansa. Rabi ne kawai ya rage! Duk magagarin da ya shigo hannunsa sai ya gwada shi a kan farcen nan kafin ya yarda ya taɓa ƙarfe. Ku kuna tuna shi kuna dariya. Ni kuwa in na tuna watan bikin 'yar Pak Mat, har yau raina ɓaci yake yi.

Ga waɗanda suka zo daga baya: maƙerin fari ne a Kano, ɗansa Dakta ya ɗauko shi ya kawo nan ƙasar waje, unguwar Wangsa Maju, don ya huta. Ina hutu! Ya mayar da barandar mutane wurin gyaran jita. Ƙarafan nan da ke jere a wuyan jita su ne gwanintarsa. In sun cinye, sai a goge su su daidaita, sannan a bi kowanne da magagari a fitar masa da doro. In ba haka ba, wayar jita ta dinga zuu kamar ƙuda a kwalba.

Pak Mat shi ne maigidana, mai kedai, wato gidan abinci, a unguwar Kampung Baru inda nake gashin kaza. Yana da tsohuwar jita ta marigayi mahaifinsa, yana so ya kaɗa wa 'yarsa ranar bikinta, saura sati huɗu, ga jita tana zuu. Bakina ya ja min. Na ce, "Boleh, zai yiwu! Ina da kawu." Ya miƙo min ita da hannu biyu, ya ce in wani abu ya same ta kada in sake tako masa kedai. Ba wasa a fuskarsa.

Kwana biyu Kawu ya gama daidaita ƙarafan. Sai ya naɗe hannu.

"Saura me, Kawu?"

"Magagari."

"Ga su nan cike da gwangwani!"

"Waɗannan na jitar yaran zamani ne. Wannan dattijuwa ce, ƙarafanta sirara. Kai da adda kake yanke wa jariri farce?"

Wai sai mun fita nema. Bai yarda da awon inji ba. Sabulun wanka ya ɗauko ya danna a kan ƙarfe ɗaya, shatin ya fito, ya ce da shi zai gwada kwarmin kowane magagari. Ya zura min sabulun a aljihu. Ranar hutuna ce fa, guda ɗaya a sati! Muna saukowa daga jirgin ƙasa ruwa ya kece, irin na garin nan da ba ya sallama. Kafin mu kai shago kumfa na bin ƙafar wandona, mutane na kaucewa. Kawu ya dube ni sama da ƙasa.

"An ba ka amana, ka yi wanka da ita."

Sati na biyu, sabon sabulu, shago na huɗu. Mai shagon ya fito da wani magagari mai ƙyalli yana cewa, "Diamond, uncle, very good lah!" A lokacin na fara zuwa ajin koyon karatu, sai na bi rubutun kwalin da yatsa a hankali.

"Kawu, an ce yana yin siririn ƙarfe, yana yin matsakaici, yana yin mai faɗi."

"Wanda ya rubuta ya taɓa ganin jitar Pak Mat?"

"An ce da garin lu'ulu'u aka yi shi."

"Lu'ulu'u? Gaya masa ba lefe na zo haɗawa ba."

Ya goga a farce sau ɗaya, ya ajiye. Wai yana ci da gaggawa, kafin ka ce tsaya ya gama da ƙarfen mutane.

A kedai kuwa kullum Pak Mat sai ya tambaya. Na ce ana kai. Na ce an kusa. Na ce saura shafa mai. Ƙarya ta ƙare min, na koma ɓuya a bayan hayaƙin kaza.

Saura kwana huɗu na tafi Wangsa Maju a fusace, na rantse ko a yaya jitar take zan ɗauko ta. Na tarar da shi zaune a matakala yana wasa wani tsohon magagari mai kusurwa uku a kan dutse, yana kashe masa kaifin gefe don kada ya karce katako.

"A ina ka samo wannan?"

"A gwangwani."

"Kawu! Tun ranar farko yana ciki?"

"Yana ciki mana. To da ban ga sauran ba, ta yaya zan san shi ne?"

Wallahi da ba furfura ce a kansa ba, ban san me zan faɗa ba.

Da safiyar biki ya gama. Pak Mat ya zauna gaban amarya ya fara kaɗawa, sauti tas, babu zuu ko ɗaya, hawaye na zubo masa. Ni ma na fara numfashi. Sai Kawu ya ajiye farantin shinkafa ya mintsine ni.

"Ka ji? Ƙarfe na sha bakwai. Doronsa bai cika ba."

"Ban ji komai ba, Kawu."

"Kai ai kaza ka sani. Bari in karɓo ta, minti biyar ne."

Ya miƙe! A tsakiyar bikin mutane! Na cafke bayan rigarsa da hannu biyu, yana ja ina ja, har waƙar ta ƙare. Aikina ya tsira. Shi kuwa sati guda bai amsa gaisuwata ba, wai na bar shi ya ji kunya a gaban baƙi.

Ranar da muka kai shi makwancinsa, Pak Mat ya rufe kedai, ya zo ya sa kafaɗa a makara, bai yarda kowa ya karɓe shi ba har bakin kabari.

Allah ya jiƙan Kawu Habu. Bai taɓa ha'intar aikin da aka ba shi ba. Allah ya duba wannan, ya yafe masa sauran, ya sa ya huta, tunda a duniya ya ƙi.