Tiyar Gero a Garin Uwaisu

Uwaisu ɗan Ɗorayi ne, daga aji biyar ya yi wa boko sallama, wai shi da lissafi ba sa ga maciji. Shekara goma sha ɗaya ya yi a gaban injin zare a wata masaƙa ta Sharaɗa, amma tambayi abokan aikinsa, ba mai tuna maka zaren. Wasansa suke tunawa.

A bayan kwalin sabulu ya zana wani gari da babu shi a duniya, da ganuwa da kasuwa da dajin aljanu. Da an busa jiniyar hutun rana sai ya shimfiɗa shi a gindin dalbejiya. Shi ne mai ba da labari, saura kowa da mutuminsa a garin: Muntari maharbi, Lawan falke, sai Baffa, dattijon da masaƙa ta cinye gonarsa ta miƙa masa tsintsiya, shi ne maƙeri. Ka faɗi abin da za ka yi, ka jefa ƙwayar ludo. Shida ta fito, ka sare dodo. Ɗaya ta fito, dodo ya yi kalaci da kai. Murafun kwalbar lemo su ne zinariya, kuma Uwaisu ba ya rowarsu. A gidan haya ko kaza ba ta jin maganarsa, amma a nan mutum uku ke zuba masa ido, tuwo na hucewa a kwano.

Ran nan Baffa ya ture murafunsa.

"Kai yaro, tiyar gero nawa ce a garin nan naka?"

"Baffa, ku da ke da zinariya buhu guda, ina ruwanku da gero?"

"Zinariyar zan tuƙa? Kowa na daji yana farautar dodo, uban wa ke noma? Ƙarya ma ai ana yi mata gishiri. In ba ka gyara ba, ni na koma dara."

Maganar ta soki Uwaisu. Ran Lahadi ya tafi kasuwa ba da jaka ba, ya bi masu awo da tambaya har wata ta ce ko shi ɗan sandan ciki ne. Ya dawo ya zana gonaki a bayan ganuwa. Ya sa in fatake sun makara gishiri ya yi tsada. Ya sa ranar da Muntari ya shigo da taskar dodo, kafin la'asar kuɗin tiya ya ninka. Baffa ya gyaɗa kai, ya ce yanzu aka fara magana.

Yabon nan shi ya kai shi ya baro. Lokacin an shiga tsuke bakin aljihu, ana layin madara da sabulu, sai Uwaisu ya kwashe duk abin da ya gani a hanya ya zuba a kwali. Fari ya sauka. Attajirai suka kulle rumbuna. Ƙarfe ya daina zuwa maƙera. A satin da aka manna sunayen mutum tamanin da aka sallama daga aiki a ƙofar masaƙa, Baffa ya jefa ƙwaya, ɗaya ta fito.

Uwaisu ya ce, "Sarkin maƙera ya ce ku huta a gida, Baffa, sai an neme ku."

Ba wanda ya yi dariya. Baffa ya ture ƙwayar, ya ce:

"Wallahi yanzu na yarda da garinka, ba ƙarya ko ɗaya. To amma a cikinsa nake kwana nake tashi. Rabin awar hutuna ma sai na ba shi?"

Ya ɗauki tsintsiyarsa. Lawan ya bi shi.

Washegari Uwaisu ya tare su tun a bakin famfo, yana rantsuwa an yi ruwa a garin, an buɗe rumbuna, an mai da kowa bakin aikinsa.

Muntari ya yarfe hannu, ya ce, "A wane gidan rediyo ka ji?"

Suka wuce wajen masu dara. Uwaisu ya zauna a gindin dalbejiya shi kaɗai har jiniya ta kira shi.