Muryar da take ƙarshen layi

Aji uku na yi a firamare, shi ma rabinsa a bayan aji na yi shi, ina cin gyaɗar mutane. Don haka duk wanda ya ji cewa na taɓa auna ƙwaƙwalwar kwamfuta ya yi dariya, na yafe masa.

A unguwar Mansura muke zaune, can ƙasar Larabawa inda muka je ci-rani, ɗaki ɗaya, ni da wani mutumin Jos da nake kira Injiniya. Ni direban motar ma'aikata ne, shi kuma gyaran na'urori yake yi a wani asibiti. Kirista ne, amma shi yake kora ni sallar la'asar, yana cewa, "Alhaji, tashi, kada ka jawo mana fushin Allah a ɗakin nan." Ban taɓa zuwa Makka ba, tsokana ce kawai.

Yana da wata tsohuwar kwamfuta, akwati mai ɗan gilashi da bai wuce tafin hannu biyu ba. Tun daga gida ya taho da ita, a kan cinya. Idan ya kunna ta, sai wasu 'yan hotuna su riƙa fitowa a ƙasan gilashin ɗaya bayan ɗaya, suna jeruwa. Ya ce ƙananan manhajoji ne da suke tashi tare da na'urar, kowanne da aikinsa, kuma kowanne yana cin rabonsa daga ƙwaƙwalwarta, wadda dama ba ta da yawa. Ni na sa musu suna 'yan rakiya. Na ƙarshe a layin hoton lasifika ne. Da ya fito sai muryar yarinya ta ce, "Baba, sannu da aiki. Ka sayo mini alawa?" sai ta ƙyalƙyale da dariya. 'Yarsa ce ta fari, zazzaɓi ya ɗauke ta tana shekara biyar. Ba inda muryarta ta rage a duniya sai cikin akwatin nan.

Ranar Juma'a da hantsi yakan zauna awo. Ya buɗe wani shafi da yake nuna yawan abin da aka cinye, ya rubuta lambar a jikin kwali. Ya ja ɗan rakiya ɗaya ya fitar da shi gefe, ya kashe, ya kunna, ya sake duba lambar. Abin da ya ragu, shi ne cin wancan.

"Injiniya, duk karatunka a awon cikin akwati ya ƙare?"

"Sai ka san mai yawan ci a gida kafin ka san wanda za ka sallama."

"To ai ni ne a ɗakin nan."

"Kai ba sai an auna ba, Alhaji."

Da korona ta zo aka kulle gari, zaman ɗaki ya ishe shi, sai ya mayar da 'yan rakiyar gaba ɗaya, har da waɗanda ya sallama tuntuni, wai zai sake awon tun daga farko. Ya kai rabi tari ya kama shi. Ranar da motar asibiti ta zo, ya waiwayo daga bakin ƙofa ya ce, "Kada ka taɓa mini kaya." Ban sake ganinsa ba, ko gawarsa.

Matarsa ta kira ni daga Jos. Ta ce, "Baba, kayan sawarsa ka bayar. Muryar yarinyar nan kaɗai nake so ka naɗo mini a waya." Na ce mata gobe. Na rufe akwatin da tawul. Goben nan shekara biyu na yi ina maimaita ta, don da na ɗaga tawul ɗin sai in sake rufewa.

Ana gab da gasar cin kofin duniya mai gida ya liƙa takarda a ƙofa: kwana uku kowa ya kwashe, baƙin ƙwallo na zuwa. Kamfani ya ba ni gadon sama a masaukin ma'aikata na unguwar Mu'aither, inda ko takalmi sai ka yi matashi da shi. Ranar na cire tawul.

Na kunna. Cikinta ya hau ƙara kamar injin niƙa. 'Yan rakiya suka fara jeruwa, layi ya cika, aka soma na biyu, kafin a kai ga lasifika ta sandare, hoton bam ya fito. Sun yi mata yawa. Na tuna yadda yake danne maɓalli mai kibiya idan yana so ta tashi babu kowa, na yi haka, ta tashi. Sai na yi dabarar jahili: na kori kowa, na bar lasifika shi kaɗai. Ya fito, amma shiru. Ashe a cikin waɗanda na kora akwai masu taya shi magana, ni kuwa ban san su ba.

Na mayar da su, na ɗauko kwalin. Kusa da kowace lamba ya zana hoton mai ita. Shi da ya iya karanta sunayensu, ban san me ya sa ya wahalar da kansa da zane ba. Daga inda rubutunsa ya tsaya na ɗora nawa. Na fara fitar da manyan da ya riga ya auna har ta iya tashi, sannan na bi sauran: fitar, kashe, kunna, rubuta, ɗebe da yatsu. Duk kunnawa ƙarar cikinta ƙaruwa take, ina jin ina cin kwananta ne. Lasifika na ajiye gefe, don kada muryar ta zo ban shirya ba. Kwana biyu ina yi. Na gano wani mai hoton agogo da wani mai hoton kifi, cinsu ya fi na mutum goma. Na ce, "Ku ne ashe, 'yan banza," na kore su.

Rana ta uku da azahar, kayana a ɗaure, na mayar da lasifika, na jingina waya a gaban akwatin, na kunna. Suka jeru, ya fito, ta yi magana. Dariyarta ta cika ɗakin da babu komai a ciki. Na zauna a ƙasa ina kuka kamar ni na haife ta. Sai da na share ido na duba wayar, na ga ban danna jan maɓallin ba.

Na sake kunnawa. Ƙas, ƙas, ƙas, sai alamar tambaya tana ƙyaftawa. Na rungume ta har unguwar Bin Mahmud wajen wani mai gyara. Ya buɗe, ya kara kunne, ya ce, "Khalas, baba," wato ta mutu ke nan.

A bakin tashar jirgin ƙasa na kira matar, 'yan kallon ƙwallo na wucewa da tutoci da ganguna. Na faɗa mata komai, ban rage ba. Sai ta tambaye ni.

"Amma ka ji ta?"

"Na ji ta, Madam."

"Me ta ce? Na fara mantawa da yadda take faɗa."

Na faɗa mata.

"A'a, Baba. Yadda ta faɗa."

Na juya wa mutane baya, na toshe kunne ɗaya, na siranta murya, ni da furfurata. Ban kai ga dariyar ba. Ta ce in sake.