Itacen da Inna Ta So Ɗaurowa

Muna idar da sallar asuba muka bar unguwarmu ta Moss Side a nan ƙasar Turawa, ni da maigida da jaririnmu da mahaifiyata, Inna. Daga Kano ta zo taya ni jego, amma zaman ɗakin bene ya ishe ta. Ta ce garin da ƙafa ba ta taka ƙasa sai kwalta ba wurin zaman mutum ba ne, a sauya mata tikiti ta koma gida. Ni kuwa rubutun digirina bai ƙare ba, in ta tafi ban san inda zan sa kaina ba. Shi ya sa muka ce bari mu kai ta yankin tafkuna da ke arewacin ƙasar, ko ranta ya yi sanyi.

Babbar hanya sumul, amma muna sauka daga kanta sai titi ya tsuke kamar lungun cikin birni, katangar duwatsu dama da hagu, tumaki na tsallakawa ba ruwansu da hon. Kuɗin ajiye mota kuwa, maigida ya biya yana salati. A bakin ruwa muka karya da dambun nama da shayin fulas.

Gaskiya kwarin da muka sauka a cikinsa ya tafi da ni. Tafki kwance tsakanin duwatsu, ruwa garau har ana hango tsakuwa, ga zalɓe tsaye a gefe ko motsi ba ya yi. Sama da tafkin kurmi ne na tsofaffin itatuwan da suke kira oak, gansakuka ta lulluɓe su tun daga saiwa. Mun ga barewa ta ɗaga kai ta dube mu ta ci gaba da kiwonta. Sai wani jan kurege mai tukku a kunne, wanda a bisa reshe yake wayonsa, ba a rami irin namu ba.

Ina gama kallon kuregen na waiga, ba Inna. Can na hango ta, ta ci ɗamara da mayafi, ta tara busassun rassa tsibi guda tana neman abin ɗauri. Inda za ta hura su a gidan da murhunsa na lantarki ne, Allah kaɗai ya sani. Cewa take barin itace irin wannan a ƙasa almubazzaranci ne.

Wani dattijon Bature mai yawo da sanda ya tsaya, cikin fara'a ya ce da gangan ake bari ya ruɓe. Ya ɗaga ɓawo ya nuna mata ƙwari da tsutsa, ya ce su tsuntsayen ke ci, ruɓaɓɓen kuma shi ne takin sabon tsiro. Na fassara mata, na ɗauka yau kam ta gama da ƙasar nan.

Inna ta dubi tsibin rassan da ta tara. Sannan ta ce tana yarinya akwai kurmi haka a bayan garinsu, har da gada da birai, kuma su suka kwashe shi a ka, dami-dami.

"Yanzu ko inuwar ɗaure akuya babu," in ji ta.

Da hannunta ta mayar da rassan inda ta tsince su.

Da magariba muka iso gida. Abin da na koyo shi ne, ba duk abin da aka bari a ƙasa ba ne aka yasar. Ina shimfiɗa yaro Inna ta kwance bakin zaninta, sai ga 'ya'yan oak da ta tsinto. Ta sa aka samo mata ƙasa a gwangwanin madara, ta binne su, ta ajiye a taga. Maigida ya ce ba za a ga ganye ba sai sanyi ya wuce.

"To, a bar maganar tikitin nan tukuna," ta ce, tana hararata. "Wa zan bar wa ban-ruwa? Ke da ko shinkafa kika ɗora sai ta ƙone?"