Bangon da Ya Shafa wa Goggo Bula

Ranar Litinin aka ba mu makulli, ranar Juma'a kuma Goggo za ta zo duba gida. Kwana huɗu ke nan, ni kuwa tun ina zanen goyo ban iya jira ba.

Gidanmu na unguwar Kilomita Biyar a Bangui mu goma sha uku ne a ciki, bayan gida ɗaya. Ni da yayata katifa ɗaya muke kwana, ga ƙanne biyu a wajen ƙafafunmu. Yaya unguwarzoma ce a wani ƙaramin asibiti, ni kuma ina buga takardu da fotokofi a wani shago a bakin Titin Koudoukou. Da muka ji an saki ɗaki da falo a saman wani siton shinkafa, sai muka haɗa ɗan abin da muke da shi muka kama, sannan muka gaya wa Baba. E, a juye muka yi abin. Baba ya daɗe yana jan carbi. Can ya ce shi bai taɓa ganin 'yan mata biyu ba aure sun kama gida a zuriyarmu ba, amma ba zai yanke hukunci da kansa ba. Yayarsa, wato Goggo, za ta je ta gani bayan sallar Juma'a. In ta ce gidan mutunci ne, mu zauna. In ta ce a'a, mu mayar da makulli mu koma katifarmu.

Da na buɗe ƙofar ranar farko, sai da na yi guɗa ni kaɗai. Babu komai a ciki sai ƙusa uku a bango da warin ɓera, amma na zagaya falon nan sau biyar hannuwana a buɗe ban taɓa kowa ba. Na kwanta a siminti na miƙe ƙafa iya tsawona. Ba wanda ya ce min "matsa".

Haya ta riga ta cinye aljihunmu, don haka sai dabara. Mai siton ƙasa ya bar mana katako huɗu irin wanda ake jera buhuna a kai. Na ɗora biyu kan biyu, kujera ta samu. Buhunan shinkafa na cusa wa tsummokara na lulluɓe da tsohon zanen Inna, ga matasai. Wata ƙawata tela ta tara min ƙyallayen atamfa cikin leda, na zauna a kekenta na haɗa labule wanda babu launin da Allah ya halitta da ba ya jikinsa. Ledar shimfiɗa kuwa ragowa biyu na samo, ɗaya mai furanni, ɗaya mai zanen tayil, suka haɗu a tsakiyar falo kamar baƙi biyu a motar haya. Na tsinto madubin wani karyayyen kabad, na wanke gwangwanayen madara na dasa na'ana'a na jera a taga. Duk abin da na ajiye sai in ja da baya in kalla in yi dariya. Yaya ta ce in ba a kula da ni ba zan auri labulen nan.

Saura bango. Bangon ya yi dauɗa, ga jar ƙasar Bangui har tsayin gwiwa, ga shatin kan mutane, ga lambobin waya da mai hayar baya ya rubuta da gawayi. Fenti na gwangwani ya fi ƙarfinmu. Sai na tafi wurin wani tsoho mai sayar da kayan gini, na sayi farar ƙasa da ƙullin bula, irin ta wankin fararen kaya, don ina son falona ya yi shuɗin sararin sama.

Tsohon nan irin Hausar kakanninmu yake yi, a hankali, kamar ana jawo guga daga rijiya mai zurfi.

"'Yata, ki jiƙa ta kwana biyu. Ki zuba gishiri tafi uku a bokiti. Ki dama ta ruwa-ruwa, ki shafa sau uku, kowace shafa ki bari ta bushe."

"Baba, bango zan shafa, ba miya zan kaɗa ba."

"Gishirin ne ke riƙe ta." Sai ya ƙara da Sango, yaren ƙasar, tunda ya ga Hausar ba ta shiga ba: "Yeke yeke." Wato sannu sannu.

Na ce to, na hau moto, wato babur ɗin haya, da bokiti a cinya, kafin mu sha kwana na riga na yanke shawara. Kwana biyu ana jiƙo, kwana uku ana shafa, Juma'a ta wuce ke nan. Gishiri kuma na ɗauka tsokana ce irin ta tsofaffi. Na isa na dama abina da kauri kamar kunun gyaɗa, na juye bula duka, na ɗaura tsintsiya a sanda. Shafa ɗaya mai kauri ai ta fi uku sirara, wannan ko ɗan firamare ya sani. Ina shafa ina waƙa ina rawa, kafin la'asar na gama falo kaf. Da ya bushe ranar Alhamis, wallahi ya yi kyau. Shuɗi mai sanyi, kamar an buɗe rufi an shigo da sama. Na tsaya a tsakiya ina sara wa bango.

Safiyar Juma'a Yaya ta jingina a gefen taga tana shan shayi. Da ta juya, kafaɗarta shuɗiya.

"Ke, mene ne wannan?"

Na shafa bangon da yatsa. Yatsan ya fito kamar na tsoma shi a garin alli. Na shafa da tafin hannu, garin ya zubo a kan leda.

"Kin zuba gishirin?"

"Wa ya gaya miki maganar gishiri?"

"Duk Kilomita Biyar an san da gishiri sai ke, uwar sauri!"

Babu lokacin faɗa. Muka jawo kujerar katako tsakiyar ɗaki, muka jawo tabarma, muka jawo komai, falon ya zama kamar tsibiri a tsakiyar kogin Ubangi. Dabarar ɗaya ce: kada Goggo ta taɓa bango. Muka share gari, muka kunna turaren wuta, muka ɗora shinkafa da miyar ganyen rogo. Duk da tsoron, dariya ta ƙi sakina. Da mun haɗa ido da Yaya sai mu fashe.

Muna jin an sallame daga Masallacin Koudoukou, titi ya cika da fararen riguna da ƙarar moto. Ba a jima ba muka ji ta a matakala, tana hawa tana ambaton Allah tana zagin wanda ya ƙirƙiro bene. Ta shigo cikin lafaya fara ƙal, wadda ba ta sawa sai Juma'a.

"Sannu da zuwa, Goggo. Ga kujera."

Ta dube ta sama da ƙasa. "Wannan ai na san shi. Shinkafa ce ke zama a kansa. Ni buhu ce?"

Ta zagaya. Ta leƙa ɗakin kwana, ta gwada sakatar ƙofa sau biyu, ta tambayi su wa ke ɗakin gefe, Yaya ta ce wata malamar makaranta ce da 'ya'yanta. Ta tambayi ina alƙibla, na nuna. Ta buɗe tukunya ta shinshina. Ta kama labule ta daɗe tana juya shi.

"Wannan ƙyallen na ankon bikin wa ne? Na san shi."

"Na ragowar tela ne, Goggo."

"Hm. Ɗinkin ya karkace, amma ya rufe taga."

A bakin Goggo wannan lambar yabo ce. Zuciyata ta yi tsalle. Ina nan ina murna, sai ta sunkuya ta kama bakin tabarma ta ja ta, ƙiiii, har jikin bango.

"Wane irin mutane ne ke zama a tsakar ɗaki kamar masu zaman makoki? Bayana ciwo yake."

Kafin in buɗe baki ta zauna ta jingina, har da gyara kafaɗa tana goga baya don ta ji daɗi. Yaya ta rufe ido. Ni kuwa na zuba abinci. Goggo ta ci, ta ƙara, ta sha ruwa, ta yi hamdala. Sai ta ce:

"To. Ƙofa tana da sakata, maƙwabta mata ne, tukunya tana da miya. Zan gaya wa ubanku gida ya yi."

Ta miƙe ta nufi ƙofa. Daga wuya har ƙugu, bayan farar lafayar nan shuɗi ne, har da shatin ƙashin bayanta. Yaya ta murtsuke min hannu, ma'ana yi shiru, mun riga mun ci. Amma na hango Goggo tana ratsa Titin Koudoukou a haka, ta gaban 'yan canji da 'yan moto da duk wanda ya fito masallaci, ana nuna ta da baki.

"Goggo, bayanki ya zama shuɗi."

"Me?"

"Bangon ne. Yana zuba."

Na kai ta gaban madubin kabad. Ta juya ta leƙa ta kan kafaɗa. Ta daɗe. Ina jin makullin a aljihuna kamar yana shirin tafiya.

"Gishiri nawa kika zuba?"

"Ban zuba ba."

"Kwana nawa ta jiƙa?"

"Ba ta kwana ba."

"Shafa nawa?"

"Ɗaya. Amma mai kauri."

"Amma mai kauri," ta maimaita, tana kallon Yaya. "Kin ji 'yar boko. Ke kuma babbar banza, kina gani za ki bar ni in fita haka?"

Ta kwance lafayar ta wurgo min a fuska. "Wanke. Ba inda za ni sai ta bushe."

Na kakkaɓe ta a baranda, na wanke na ɗauraye har sau huɗu, ban taɓa yin abu sau huɗu a rayuwata ba. Abin haushi, bula ce ai, lafayar sai ta fito ta fi da fari. Da na dawo ciki na tarar da Goggo ɗaure da zanen Yaya, ta miƙe a kan kujerar shinkafa, kanta a kan buhu, iska tana kaɗa labule a fuskarta.

Wajen la'asar wayarta ta yi ƙara. Baba ne, kuma Goggo ba ta iya amsa waya ba sai kowa ya ji.

"Hajiya, shiru. Yaya gidan?"

"Ga ni kwance a ciki."

"Kwance? Lafiya?"

"Lafiya lau. Bangon ne ba shi da tarbiyya, gobe zan zo in koya masa. Yaran su zauna. Ƙaramar ba ta da hankali, amma ba ta ɓoye abu."

Ta kashe wayar. Na fita baranda na cusa bakina cikin jiƙaƙƙiyar lafaya na yi ihu, har wani ɗan moto a ƙasa ya ɗaga kai.

Washegari da hantsi ta hawo matakala tana zagin bene, da ƙullin gishiri a hannu da tsintsiyar kwakwa. Ta sa na kankare bangon nan kaf, gari ya rufe ni har gira. Ta jiƙa sabuwar farar ƙasa da hannunta, ta rufe bokitin da faranti, ta ɗora dutse a kai.

"In kika taɓa shi kafin Litinin, ni da kaina zan mayar da makulli."

Na taɓa ranar Lahadi, amma leƙawa kawai na yi.