Bu Sadik, Na Ƙarshe a Layin Tashi

Abdulnabi Makki, wanda duk mutanen garin Sitra ke kira Bu Sadik, wato baban Sadik, bas ɗin 'yan makaranta ya tuƙa har ya yi ritaya, kuma ban taɓa jin an ce ya goge wa wani fenti ba. Tsere ba harkarsa ba ce, ta ƙanensa Habib ce, ni kuma bakaniken Habib ne. Da ciwon zuciya ya ɗauke Habib, sai ƙaramar motarsa ta tsere ta koma tsakar gidan Bu Sadik, aka lulluɓe ta da tamfol. Masu saye suka yi ta zarya, ya ƙi. Wata safiya sai ga shi a garejina.

"Jafar, motar nan za ta tashi?"

"Za ta tashi, Alhaji. Wa zai saya?"

"Babu mai saye. Ni zan shiga."

Na yi dariya, ya tsaya yana kallona har na gama. A lokacin ya doshi sittin. Ya je aka koya masa, likita ya duba shi, ƙungiyarmu ta masu tsere don sha'awa ta ba shi lasisi. Da sanyi ya shigo, muka ɗora motar a tirela muka nufi filin tsere.

Kafin kowane tsere akwai gwajin neman gurbi. Ana sakin motoci na ɗan lokaci, kowa ya yi zagayen da ya fi sauri, da shi ake jera mutane a layin tashi. Doka ɗaya ce ba a wasa da ita: in ba ka cikin zagayen saurinka, wani ya taho da gudu, to ka kauce masa. Masu tsaro a kowace kwanar hanya na kaɗa maka shuɗiyar tuta don ka sani. Wanda ya tare hanya, alƙalai su mai da shi baya a layi.

Bu Sadik ya fi kowa jinkiri, wannan kowa ya sani, ba kuma laifi ba ne. Laifin ya zo a fitarsa ta uku. Nawaf, wani matashi daga Rifa da ke neman kofin shekarar, ya taho kamar iska a zagayensa na ƙarshe, ya tarar da Bu Sadik a tsakiyar kwanar ƙarshe yana tafiyarsa cikin natsuwa. Ya taka birki har hayaƙi ya tashi, zagayen ya lalace.

Aka kira su ɗakin alƙalai, na bi su. Shugabar alƙalan, Badriya, mai kantin magani ce a Muharraƙ, ba ta da yawan magana. Ta nuna musu hoton abin da ya faru.

"Alhaji, ka ga tuta?"

"Na gan ta, 'yata. Na duba madubi, ban ga kowa ba."

"Yana gefen damanka."

Nawaf ya kasa haƙuri. "Kawu, nan fa ba hanyar makaranta ba ce! Saura kaɗan in shige cikin but ɗinka in zauna da sauran yara."

"Da ka shigo da na kai ka gida lafiya," in ji Bu Sadik.

Badriya ta ce an mai da shi baya gurbi uku. Sai ɗaya alƙalin ya yi gyaran murya, ya ce ai shi ne na ƙarshe, bayansa babu komai sai motar asibiti. Har Nawaf sai da ya murmusa. Ita ba ta yi dariya ba. Ta ce to daga bakin garejin filin zai tashi, bayan kowa ya wuce.

Wata guda bayan haka ya sake tare wani, a gefen dama kuma. Wannan karon ta gaya masa a fili: in ya ƙara, lasisin ya tafi. Muka koma gidansa. Da muka isa na zaunar da shi a motar da hular kwano a kansa, na tsaya ta dama na ce ya kalle ni. Wuyan ya ƙi juyawa. Ashe ya daɗe da sanƙarewa, shi kuma ya ɓoye. Na sauya wa madubin wuri, ya ɗan taimaka, amma bai isa ba. Dole a sami wanda zai riƙa gaya masa ta oba-oba abin da ke bayansa, ni kuwa hannuna na cikin inji.

Matarsa Ma'asuma tana jin mu ta taga. Ba ta taɓa riƙe sitiyari ba, tun farko ma ba ta son wannan harka.

"Tunda ka rantse sai ka kashe kanka, gara in je in gani da idona," in ji ta.

Aka ba ta kujera a saman gareji, inda ake hango rabin fili, da allon da ke nuna sauran. Ba ta damu da lambobin motoci ba, sunaye ta raɗa musu. Akwai Kankana, akwai Mai Tari, Nawaf kuma Ɗan Gaggawa. Ina jin su a tawa oba-obar.

"Bu Sadik, Kankana na tafe, koma hagu. Hagu na ce, bawan Allah! Yauwa. Zauna nan, Ɗan Gaggawa na biye da shi."

"Na ji, Hajiya."

"Ba ji nake so ba, matsawa nake so."

Daga ranar ba a sake kiransa kan tare hanya ba. Saurinsa ma ya ɗan ƙaru, don ya daina fargabar bayansa. Wani lokaci yakan gama a gaban mutum ɗaya ko biyu, yawanci waɗanda injinsu ya mutu.

A shekara ta uku aka koma ɗakin alƙalai, amma shi ne mai ƙara. Yana cikin zagaye mafi kyau da ya taɓa yi, sai ya tarar da Nawaf yana tafiya a hankali a tsakiyar hanya, yana barin tayoyinsa su huce. Nawaf ya zo garejinmu da kofin shayi biyu.

"Kawu, wallahi ban zaci kana gudu ba ne. A bar maganar mana."

Kowa ya ɗauka zai yafe. Ya karɓi shayin ya sha, ya ce, "Na yafe maka, ɗana. Amma zagayena ma zagaye ne. Mu je wurin Badriya."

Aka mai da Nawaf baya gurbi uku. Duk da haka yana can gaba, Bu Sadik na can baya. Nawaf ya yi kwanaki yana cika yana batsewa, daga baya ya sauko, har ya zo bikin auren Sadik, ɗan Bu Sadik.

Ƙarshen tseren Bu Sadik bai zo a fili ba, a ɗakin likita ya zo. Jininsa ya hau, aka ƙi sabunta masa takarda. Bai yi gardama ba. Ya sayar da motar ga wata malamar lissafi daga Madinat Isa, bisa sharaɗin ni zan ci gaba da kula da ita. Malamar ta ce ta yarda, amma ita ma tana da sharaɗi: Hajiya Ma'asuma za ta riƙe mata oba-oba.

Yanzu direbobi uku ne ke rububin Hajiya. Ranar tsere Bu Sadik ne ke kawo ta, ya hau da ita saman gareji, ya sauko ya zauna a inuwa kusa da akwatin kayan aikina yana miƙo mini sifana. In ta ɗaga murya a sama, sai ka ga ya ɗan matsar da kujerarsa gefe.