Ranar da Na Ɗauki Tallar Tuwo a Guangzhou

Wata Juma'a ce a watan Yulin 2008, ana saura 'yan makonni a buɗe gasar Olamfik a ƙasar Sin, Umma ta naɗe tsohon ɗankwalinta ta yi mini gammo, ta ɗora mini tire shaƙe da kulolin tuwon shinkafa da miyar kuka. Shekarata goma. A Guangzhou na yi wayo, ban taɓa ganin 'yar talla ba sai a labarin Umma, amma ranar ni ce 'yar tallar. Abba na zaune a ƙuryar ɗaki, kawar da kai kawai ya yi. Umma ta gyara mini zaman tiren ta ce, "Ki ɗaga murya, Hafsatu. Duk wanda ya ji Hausa sai ya waiwayo."

Kafin shekarar nan ba ruwanmu da talla, domin muna da takardar Juma'a. Wani ɗalibi ɗan Maraɗi ne yake yin ta, Malam Hamisu, siriri mai tabarau, wanda ba ya rufe baki bai jefa Faransanci ba. Falle ɗaya ce tak, gaba da baya. Yakan raba ta a ƙofar masallaci, ragowar ya ajiye a otal-otal ɗin titin Liuhua inda fatake ke sauka. A cikinta ake jin wanda ya iso daga Kano, da matar da ta haihu, da wanda ya rasu da inda za a yi masa salla. Can ƙasa kuma akwai layi biyu da na haddace kamar karatun allo: "Tuwon Maman Hafsatu, kamar a gida," sai adireshinmu da rubutun Sinanci, wanda baƙo zai miƙa wa direban tasi ya kawo shi har ƙofa. Ladan Malam Hamisu malmala biyu ne da man shanu, kuma bai taɓa yafe man shanun ba.

Da layi biyun nan muke ci. Fatake ba mazauna ba ne, su loda kayansu su tafi ne, sababbin fuskoki su zo, don haka lambar waya ba ta tsinana mana komai. Gidanmu ɗaki biyu ne a saman bene, ba allo a ƙofa, ba lasisi, amma da azahar takalma har bakin matakala. Ni ke tankaɗe kukar da ake kawo mana a akwati, ni ke wanke kwanuka a banɗaki don kicin ɗin ya yi kaɗan. In na samu sarari in zana 'yar gala-gala da alli a baranda, tsohuwar maƙwabciyarmu ta fito da tsumma tana mita tana gogewa. Abba kuwa yana raka baƙi masana'antun jaka a Shiling, ya yi musu tafinta da ciniki.

Da gasar ta matso sai gari ya ɗaure fuska. Aka tsananta binciken takardu. Bizar Abba ta ƙare, ya yi ta zarya neman sabuntawa, amsar dai ɗaya ce, "meyo", wato babu. Ya daina fita, ya ce zai lafe a ɗaka har wasan ya wuce a sassauta. Malam Hamisu ya je hutu gida bai samu dawowa ba, takardar Juma'a ta mutu, babu ma mai sanar da mutuwarta. Ana cikin haka mai gidanmu ya ba mu notis, muka kwashi tukwane muka koma wani lungu bayan tashar jirgin ƙasa. 'Yan fataken da suka rage su je tsohon gida su ƙwanƙwasa su juya. Umma ta tuƙa tuwo ya kwana, ta ɗumama ya sake kwana. Har yau na tsani ɗumame. Tukunyar nan kaɗai ta rage mai ciyar da mu, ita ce kuma mai riƙe da Abba a ɓoye. Umma kuwa da talla ta tashi a Kano, a saninta in ciniki ya tsaya yarinya ake ɗora wa tire.

Na tsaya a titin Guangyuan, gaban manyan kantunan sutura, inda jama'a ke ɓullowa daga jirgin ƙarƙashin ƙasa, na buɗe murya: "A sayi tuwo! Tuwo da miyar kuka!" Gaskiyar Umma, wani alhaji ya waiwayo baki sake, ya ce, "'Yar nan, daga wace duniya?" Sai dai ba shi kaɗai ya waiwayo ba. 'Yan gari suka yi mini zobe, suna ɗaukar hoton yarinyar da ta ɗora kaya a ka ta saki hannu. Wallahi daɗi na ji, har da yanga. Ban ankara ba sai ga 'yan sanda biyu, alhajin nan ko ƙyallinsa. Ba su daka mini tsawa ba. Ɗaya ya sauke mini tiren, ya tambaye ni da yarensu ina iyayena, suka raka ni gida yadda ake raka yaron da ya ɓata. Shi ya riƙe mini tiren har sama, Abba kuma ya buɗe ƙofa.

Da silifas ɗin wanka suka tafi da shi. Muka zauna ni da Umma, ba mai jaje, ba mai raka ta bin sawu, don babu wanda ya san inda muke balle abin da ya same mu. Mu ma muka tattara muka koma gida, sai bayan watanni muka haɗu da Abba a Kano, ya rame, ya dawo da tari da shirun da bai rabu da su ba har ya koma ga Allah.

Ranar da ya rasu aka kai sanarwa gidan rediyo. Kafin la'asar layinmu ya cika da 'yan kasuwa, da yawansu mutanen da suka ci tuwonmu a Guangzhou ne, kowa na rantsuwa bai taɓa jin abin da ya faru ba. Umma ta leƙa ta taga ta ga tarin takalma a ƙofa, ta fashe da kuka. "Ashe da an faɗa musu, da sun zo," in ji ta.

Yanzu labari a tafin hannu yake, yarana ma da sun ji an shiga sanarwa da tallace-tallace a rediyo sai su kai hannu za su canza tasha. Nakan ce su bari. Wani ne yake faɗa wa mutanensa inda yake.