Ruwan da Ake Ba Rago

A ajinmu na Parakou, inda nake koyar da yara masu jinkirin fahimta, akwai wata yarinya da nake kira 'yar mahauci idan ta ishe ni. Ubanta mahauci ne a Djougou, ita kuma tana zaune wajen gwaggonta don ta samu zuwa lakwal, wato makaranta. Maganar bakinta ba ta da yawa, amma idonta ba ya mantuwa. Abin da ta gani sau ɗaya ya zauna ke nan.

Da na ga ƙirjinta ya fara tasowa sai hankalina ya tashi. Na samu gwaggon, na ce mu shirya ta kafin jini ya zo mata. Matar ta riƙe haɓa.

"Haba madam! Wannan ɗin da har yanzu ni ke ɗaura mata zane? Ki bar ta, Allah na nan."

Na ce Allah na nan, jinin ma yana nan tafe. Ta ɓata rai, ni kuwa ban ba ta haƙuri ba.

Na tara 'yan matan ajin, na rufe taga, na fito da 'yar tsana da farin ƙyalle da zoɓo a kwalba. Na ɗiga zoɓon, na nuna yadda ake ƙunzugu da yadda ake wankewa, ina ta murmushi har kumatuna suka gaji don su gane ba abin tsoro ba ne. Sauran suka yi ta ƙyalƙyala dariya, ɗaya ma ta nemi ta shanye mini kayan aikin. 'Yar mahauci ta zuba wa ƙyallen ido, ta ja yatsa a wuyanta, ta ce, "Baba."

A gidan da ta tashi, duk abin da ya yi jini bai sake tashi ba. Na gwada zane a allo, na gwada waƙa. Na buga ƙirjina na ce ni ma ina yi, ga ni da raina. Sai ta miƙo hannu tana shafa wuyana, tana neman inda aka yanka. Haka muka yi ta fama har aka ba da hutu, aka tafi da ita Djougou.

Ana cikin hutun, sai uwar yarinyar ta kira ni.

"Madam, don girman Allah ki zo. Abin ya zo mata, kuma ta ƙi shan ruwa."

Na shiga taksi, mutum a kan mutum, har muka wuce Partago ban ɗaga kai ba. A gidan, uwar ta ce da safe ta iske yarinyar a tsaye a firgice, jini a zanenta. Ta yi abin da kowace uwa za ta yi, ta ɗebo ruwa ta kai mata baki. Yarinyar ta kurma ihu ta shige bayan randa. Uban yana bakin ƙofa, kansa a ƙasa.

"Madam, ba na yanka dabba sai na ba ta ruwa," in ji shi. "Haka na gada. Tun tana rarrafe take kallona."

Na samu yarinyar a rakuɓe, leɓenta duk ya bushe. Na zauna a ƙasa, na ɗauki kofin na sha a gabanta, na nuna mata wuyana. Na sake sha. Na yi mata waƙar ajinmu da muryar da ni kaina ban gane ta ba. Raina ya ɓaci, na rasa wanda zan yi wa faɗa.

Can sai ta miƙo hannu. Ta karɓi kofin ta shanye tas, uwar tana hamdala a bayana. Ni ma na fara murna.

Yarinyar ta ajiye kofin a hankali. Ta kwanta a gefenta na hagu, ta fuskanci gabas kamar yadda ubanta yake kwantar da rago, ta miƙa wuya, ta runtse ido. Hannunta ɗaya yana riƙe da bakin zanena.

Na rufe wuyan da tafina, ina cewa ba komai, ba komai. Ba ta buɗe ido ba, tana jira.